Mudu ɗaya na gero ranar godiya

'Yan'uwana matasa, ku ba ni aron kunnenku. Bara, ranar godiyar kaka a ikkilisiyarmu, ana ta shigo da buhunan masara da doya da kaji, 'yan zumuntar mata na kaɗa tulu suna waƙa. Sai ga wata tsohuwa ta taho a hankali da mudu ɗaya na gero a kwano, ta rufe da faifai. Kowa ya san ruwa ya ɗauke mata da wuri, kuma a daminar ta binne ɗanta. Ta ajiye kwanon, ta durƙusa, ta daɗe ba ta ɗago ba. Kunya ta rufe ni, don a ranar ina ta gunaguni a zuci kan aikin da na nema ban samu ba.

Godiyarmu fa ta koma ciniki. In jarrabawa ta yi kyau, mu cika Facebook da "Allah ya yi!" In ta ƙi, sai ka ji tsit, sujada ma a fara yi mata tsallake. Ashe ranar daɗi kaɗai Ubangiji yake kan kursiyinsa?

Ku dubi Yusufu. Yana shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi a kan azurfa 20, sai da ya kai 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Tsakani kuwa bauta ce, da ƙazafi, da kurkuku. Amma a Farawa 50:20 ya ce musu sun nufe shi da mugunta, Allah kuwa ya nufa ta zama alheri. Bai wanke su ba, mugunta sunanta mugunta. Ya dai san ragamar ransa ba a hannunsu take ba.

Bulus da ya ce wa Tasalonikawa su yi godiya cikin kowane hali, kafin ya iso garinsu bulala ya sha a Filibi, shi da Sila, ƙafafunsu a turu, suna waƙar yabo da tsakar dare. Don haka kada ku jira sai ƙofa ta buɗe. Ku yi kukanku in ya zo, Ayuba ma ya yi, amma ku durƙusa.

A ranar godiyar, da aka tashi na bi tsohuwar nan har bakin ƙofa.

"Mama, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, ɗana. Wanda ya ba ni shi, shi ya karɓa."

Ta ɗora faifan a kan kwanon, ta kama hanyar gida.