Lemun tsami ba maganin ƙumar kyanwa ba ne

Wasu na shafa wa kyanwa ɓawon lemun tsami don korar ƙuma, wai abin da mutum ke sha ba zai cutar da dabba ba. Kuskure ne. Ɓawon lemu yana ɗauke da wani mai, limonene, wanda hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi kamar tamu. Ga ta da yawan lasar jiki, duk abin da aka shafa mata a cikinta zai ƙare. Sai amai, zawo, dalalar miyau, wani lokaci har da rawar jiki.  In alamun sun bayyana, a wanke ta, a garzaya wurin likitan dabbobi.