Butar Baba Maigadi Ta Fi Ni Iya Kemistiri

Duk wanda ya san Birnin Kebbi a watan Afrilu ya san rana ba ta wasa. A cikin wannan zafin ne na ce sai na nuna wa 'yan ajin ƙarshe abin da ke faruwa idan sinadarin finol ya haɗu da sodiyam, wani ƙarfe mai laushi. WAEC ta ƙarato, yaran kuma sun gaji da ganin alamar finol, wato C6H5OH, a allo kawai. Tun a aji na riga na cika baki: "Gobe za ku ga aiki da idonku."

A ƙa'ida, finol daskararren abu ne fari, sai an ɗumama shi ya kai wajen digiri 41 yake narkewa. Ina buɗe kabad na tarar kwanon rufin ɗakin gwajinmu ya yi mini wannan aikin kyauta. Ya narke tun a kwalba, ya yi ja-ja saboda daɗewa, warin asibiti ya gauraye ɗakin. Wata ɗaliba ta toshe hanci da gefen hijabi ta ce, "Malam, allura za a yi mana?" Na ce ba ta yi nisa ba, don da finol ɗin likita Joseph Lister ya riƙa tsabtace raunuka a birnin Gilasgo, har ya wallafa sakamakonsa a 1867.

Na sa safar hannu, domin finol yana cin fata ya bar ta fari fat. Sodiyam kuwa cikin kananzir ake ajiye shi, ba ya shiri da iska ko laima. Na ciro shi da hantsaki, na sa wuƙa, ya yanku kamar sabulu. Inda wuƙar ta bi ya yi sheƙi, kafin na ɗaga shi na baya su gani har ya dushe. Na jefa ɗan mitsitsi cikin finol ɗin, kowa ya ja da baya.

Kumfa ta fara tasowa, sannu a hankali. Na ce to ga shi nan, sodiyam ya ture haidirojin ɗin da ke manne da oksijin ya zauna a gurbinsa, an sami sodiyam finoksaid, kumfar kuma iskar haidirojin ce ke fita. Na kai ashana bakin kwalbar gwajin, iskar ta kama, ta ce "fat!"

Ajin ya yi tsit. Can wani daga baya ya ce, "Malam, shi ke nan?"

Na shiga kare mutuncin finol. Asid ne, amma mai rauni. Ya fi etanol, wato sinadarin da ke cikin barasa, ƙarfi, saboda zoben kabon da ke jikinsa yana rarraba cajin lantarkin da haidirojin ya bar wa oksijin, amma ko sodar yin kek ba ya iya sa ta kumfa, abin da lemun tsami ke yi a kowane kicin. Ba wanda ya kula ni. Wuta suka zo gani.

Na ture farantin da ɓurɓushin sodiyam ya rage a kai zuwa bakin taga, da niyyar in kashe shi da etanol, na juya allo ina rubuta lissafin. Ashe Baba Maigadi, wanda shi ke mana shara, ya leƙo da butarsa zai tafi alwala. Ya ga faranti da datti, shi kuwa mutum ne mai tsabta.

Sai na ji "tsssss!" Ina waiwayowa na ga ƙwallon azurfa yana zagaye faranti a guje, harshen wuta rawaya na binsa. Baba ya saki buta, ya saki salati, ya bar takalmi ƙafa ɗaya a bakin ƙofa. Yara suka ɗau tafi: "Yauwa Malam! Wanga shi na aiki!"

Kafin a tashi, labari ya kai ofis cewa malamin kimiyya na kiwon aljani cikin kananzir. Shugaban makaranta ya kira ni, ya cire tabarau ya ce, "Malam, mu dai mun san ruwa ke kashe wuta." Na yi bayanin haidirojin da ke fita idan ruwa ya taɓa sodiyam da zafin da ke kunna shi har maƙogwarona ya bushe. Ya ce ya fahimta, amma in saya wa Baba sabuwar buta, ya rantse ba zai sake taɓa waccan ba. Sharar ɗakin gwaji ma ta dawo kaina.

Da na yi wa ɗaliban jarrabawa, na tambayi abin da ake samu idan finol ya haɗu da sodiyam. Wani ya rubuta: "Sodiyam finoksaid da haidirojin. In ana son wuta a kira Baba." Na ba shi makinsa cikakke.