Kafin a kwance KDSS ɗin Prado ko Land Cruiser, a fara da tef ɗin awo

Masu Prado 150, Land Cruiser 200 da Lexus GX460, da ku makanikai abokan sana'a, ina da magana a kan yadda ake yanke wa KDSS, wato tsarin haidurolik da ke hana motar kwanciya a kwana, hukunci ba tare da bincike ba. Mota ta ɗan karkace gefe ɗaya, ko ana jin ƙwas-ƙwas a ƙasa in an hau gargada, sai a ce "haidurolik ɗin ne ya mutu, a cire shi kawai." A ganina wannan ɓarna ce, kuma sau da yawa laifin ba ma na KDSS ba ne.

Wani kamfanin Ostireliya mai suna Kinetic ne ya ƙirƙiro tsarin, Toyota ta fara sa shi a Lexus GX470 ta 2004. Ginin ba shi da sarƙaƙiya. Sandar sitabilaiza ta gaba da ta baya kowacce an ɗaure gefenta ɗaya da silinda mai ɗauke da mai, ɗaya gefen kuma da ƙarfe tsayayye. Bututu biyu ne ke haɗa silindojin, sama da sama, ƙasa da ƙasa, a tsakiyarsu kuma akwai akwatin bawul da akumuleta (tulun iskar naitirojin mai shanye girgizar matsin mai) a jikin shasi. In an sha kwana, nauyi na danna silindojin biyu iri ɗaya, man ba shi da wurin gudu, sai sandar ta kame ta hana motar kwanciya. In kuma a kwazazzabo ne, tayar gaba ta hau ta baya ta faɗa, sai man ya gudu daga wannan silinda zuwa waccan, sandar ta saki, tayoyi su ci gaba da taɓa ƙasa. Saboda haka ne sandar motar KDSS ta fi ta sauran motoci kauri sosai. Wanda ya zubar da man ya bar wannan sanda tana lilo, ya raba motar mai tsayi da nauyi da abin da ke riƙe ta a kwana.

A lura, Lexus LX570 ba KDSS gare ta ba, AHC ne, mai ɗaga mota yana sauke ta. KDSS ba ya ɗaukar nauyin mota ko kaɗan. Sifirin ne ke wannan aikin.

To ta ina ake farawa? A ajiye motar a kan daɓe shimfiɗaɗɗe wanda bai karkata ba, a sauke duk kaya, a daidaita iskar tayoyi huɗu. A auna daga tsakiyar wili zuwa bakin fenda a kowace kusurwa, a rubuta. Bambancin hagu da dama da bai wuce milimita 15 zuwa 20 ba, gwargwadon samfurin motar, yana cikin abin da kamfani ya amince da shi. Yawancin masu kukan "motata ta karkace" a nan maganarsu ke ƙarewa.

In ya wuce haka, sai a je ga bawul biyun da ke jikin akwatin. Aikinsu shi ne haɗa layin sama da na ƙasa domin matsin ya daidaita. A Land Cruiser 200 da yawa alanki mai milimita 5 ke kama su. A wanke wurin tas, a fesa man sassauta tsatsa a bar shi ya jiƙa, a sa alama da alli, sannan a sassauta kowanne zagaye biyu zuwa uku. Don Allah kar a wuce uku. Man da ke ciki yana kan matsi kusan 3 MPa, wato sama da psi 400, ya ninka iskar taya fiye da sau goma. In bawul ya fito gaba ɗaya man zai yi tsartuwa a fuskar mai aiki, kuma tsarin ya zube ke nan. Bayan an buɗe, a girgiza motar gaba da baya, a ba ta 'yan mintuna, a sake aunawa.

Wannan awo na biyu shi ne alƙali. In motar ta miƙe, matsi ne ya taru gefe ɗaya, abin da kan faru bayan an ɗaga ta da jak ta gefe guda ko an canza shokozoba bawul a rufe. A mayar da bawul a ɗaure, ba da ƙarfin tsiya ba, magana ta ƙare. In kuwa ta ci gaba da karkata alhali bawul na buɗe, to hannun KDSS ya fita. A duba sifirin da ya gaji, ko wanda aka juya na hagu zuwa dama, domin a waɗannan motoci ba lallai tsayinsu ya zo ɗaya ba.

In kuma ƙarar ƙwas-ƙwas ce, bushin ake fara tuhuma, na sanda da na ƙasan silinda. Roba ce, kuma kaurin sandar na cinye ta. Kuɗinta bai kai ko kusa da na silinda ba.

Yoyo shi ne ainihin ciwon KDSS. A ɗaga robar da ke rufe sandar silinda: danshin mai a ciki alama ce sil ya tafi. A bi bututun da tocila tun daga gaba har baya, musamman wajen maɗaurai inda laka ke kwanciya. A nan tokumbo ke ba da wahala, domin GX460 da ta yi shekaru a jihohin Amurka masu zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara takan iso da akwatin bawul da tsatsa ta ci, har alanki ya riƙa zamewa a kan bawul. Mai shirin sayen irinta ya leƙa wurin nan kafin ya biya. Motar da matsinta ya zube za ka ji tana kwanciya a kwana fiye da da. Wadda kuma iskar naitirojin ta akumuletarta ta ƙare takan yi tauri, kowane ɗan tsakuwa sai an ji shi a kujera.

Prado 150 da GX460 suna da kwamfuta da na'urar auna matsi, don haka fitilar KDSS na kunnuwa, sikana kuma ta nuna lamba irin C1851, mai nufin matsi ya yi ƙasa. Land Cruiser 200 ba ta da wannan fitila, sai ido da hannu. Goge lambar da sikana ba ya mayar da man da ya zube.

In har sai an buɗe bututu, a fara sauke matsin ta bawul ɗin fitar da iska da tiyo a cikin gora. Man da za a mayar shi ne man sasfenshan na AHC na Toyota. Man burki na lalata sil, man giya ma ba hurumin sa ba ne. Cikawar tana buƙatar famfo mai ƙarfi da geji, a fitar da iska daga kowace silinda, a tsayar da matsin daidai da zafin wurin kamar yadda littafin gyaran samfurin ya tsara. Garejin da ba shi da wannan famfo ya tsaya a kan awo, bushin da sifirin, ya tura mai motar inda ake da shi.