Bayan wutar daji, ɗan haya ke kwana a ciki

Masu kallon labarai daga nesa sun ɗauka a Amurka idan wutar daji ta lashe unguwa, inshora za ta share wa kowa hawaye. Mai gida dai yana da inda zai kai kuka. Ɗan haya fa? Inshorar mai gida ba ta biyan kayan wanda ke haya a ciki, kuma da zarar gini ya ƙone ƙurmus yarjejeniyar haya ta mutu. Abin da ya rage masa shi ne kuɗin ajiyar da ya bayar lokacin shiga, wanda dokar Kalifoniya ta ce a mayar cikin kwana 21.

A nan yankin Los Angeles na jihar Kalifoniya, gobarar Palisades da ta Eaton, waɗanda suka tashi ranar 7 ga Janairun 2025, sun ci gine-gine sama da 16,000. Dama can gidan haya wuya yake. Doka ta hana ƙara haya fiye da kashi 10 cikin 100 bayan an ayyana dokar ta-ɓaci, amma cikin 'yan kwanaki aka ga tallan gidaje a intanet sun wuce wannan iyaka nesa ba kusa ba. Waɗanda gidajensu suka tsira kuma suka shiga sa-in-sa da masu gida: ɗakuna cike da toka da warin hayaƙi, mai gida na neman haya, ya ƙi sharewa.

Abin da ya faru a Lahaina ta Hawai ya fi ci mini rai. Bayan gobarar 8 ga Agustan 2023, hukumar ba da agajin gaggawa ta gwamnatin tarayyar Amurka, FEMA, ta kama wa waɗanda suka rasa matsuguni gidaje da kuɗi mai tsoka. Niyyar mai kyau ce. Sai dai wasu masu gidaje, ganin gwamnati ta fi biya, suka nemi hanyar sallamar tsofaffin 'yan hayarsu, mutanen da wutar ba ta ko kusanci ƙofarsu ba.

Tsakanin wuraren biyu, na fi yarda da tsarin Kalifoniya, domin ta ja layi ƙarara. Rauninta shi ne galibi sai an kai ƙara kafin hukuma ta motsa. Uwa mai kwana a otal da 'ya'ya, tana fargabar a hana ta ɗaki, yaushe za ta tsaya jayayya da dillali? Tallan nan a fili suke. Hukuma ce ya kamata ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta ci tarar mai laifi tun kafin wani ya sa hannu.