Na ɗora wa kwamfuta kaya, ta kayar da ni

Tun farko babu wanda ya aike ni. Ranar Litinin ce, bayan an ɗaga tuta, darakta ya tsayar da ni bakin ofis ya ce, "Mushe, bana ɗiyan ajinka za su yi muna waƙar bikin Jamhuriya na 18 ga Disamba." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ce a rubuta ba, bai ce a buga ba. Da na tara yaran a gindin bedi na rera musu sau uku, da magana ta ƙare, don ɗiyan Tahoua ko waƙar makaɗan kokowa suka ji sau ɗaya a rediyo, da marece za ka ji ta a bakin kowane yaro har da kirarin.

Amma ni na yi makarantar horon malamai. An koya mana do, re, mi, an gaya mana wani malamin coci ɗan Italiya, Guido na garin Arezzo, shi ya kafa tushen sunayen tun ƙarni na 11, kuma na ci 14 bisa 20 a jarrabawar. Shekara goma sha ɗaya ilimin nan na kwance a cikina ba wanda ya taɓa tambayarsa. Na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kowane yaro sai ya riƙe takarda a hannu, irin yadda ake gani a talabijin.

Kwamfutata tana da tarihi. Ƙanen maiɗakina ne ya sayo mini ita cikin tsofaffin kayan da ke sauka a tashar ruwan Kwatano, kuma Bajamushiya ce gaba da baya. In ka kunna ta da Jamusanci take gaishe ka. Wanda ya sayar ya yi iya ƙoƙarinsa, ya juya madannan suka koma tsarin Faransanci, sai dai fentin da ke kansu yana nan na Jamus: ka danna Q ta ba ka A, ka danna W ta ba ka Z. Na saba da ita yadda makaho ke sabawa da hanyar masallaci. Ban san abin da take cewa ba, na dai san inda zan taka. Batirinta kuwa ya riga mu gidan gaskiya, in kuran, wato lantarki, ya tafi tare suke tafiya.

A kanta na sa MuseScore, manhajar rubuta sautin kiɗa, don kyauta ce, ni kuwa kyauta ko ta dafi ce sai na ɗanɗana. Wani Bajamushe ma, Werner Schweer, shi ya fara ta a 2002, shi ya sa da ta shiga kwamfutar nan ta ga kamar gidan ubanta ta zo, ita ma ta kama Jamusanci. Dare huɗu ina ɗiga sauti ɗaya bayan ɗaya da ɓeran kwamfuta, har na kai 126. Da na gama na kira maiɗakina ta gani. Ta leƙa, ta ɗan yi shiru, ta ce, "Malam, mi ya kai kashin awaki bisa igiyar shanya?"

Na ji haushi, amma maganarta ta tona wani abu. In ita da ta yi boko har koleji kashin awaki ta gani, yaran aji biyar me za su gani? Dole a rubuta wa kowane ɗigo sunansa. Zan iya bugawa in bi da biro in rubuta, aikin minti talatin. Sai na tuna ɗan yayata da ke jami'a a Yamai, wanda muke kira Injiniya tun ranar da ya gyara rimot ɗin talabijin ta hanyar juya batir. Na buga masa waya. Ya ce, "Kawu, wanga ai aikin fulogin ne. Wata ƴar ƙaramar manhaja ce da ake liƙa ma babbar, ta yi mata abin da ba ta saba yi ba. Danna guda, an gama."

Danna gudan nan kwana uku ya ci mini.

Reso a gidanmu wuri ɗaya yake sauka, kan katangar da ke bayan turken awaki. Na sayi forfen intanet na dala ɗari, na hau turmi, na ɗaga salula sama kamar mai neman watan Azumi, kwamfuta kuma tana ɗaki tana jan intanet daga gare ta. Ƙaramin ɗana ne ɗan aike tsakani, yana gudu yana kawo rahoto: "Baba, koren layi ya tahi!" "Baba, ya tsaya!" Hunturu na kaɗawa, akuya na cin bakin wandona. A haka na sauko da fulogin ɗin da na ga sunansa ya yi kama da abin da nake nema. Na sauka daga turmi ina jin kaina kamar wanda ya ɗauko takobin kokowa, na buɗe manhaja, ban ga komai ba.

Injiniya ya ce ina na ajiye shi? Na ce ga shi nan a fuskar kwamfuta, ina kallonsa yana kallona. Ya yi dariyar da ban so ba. Ashe fulogin yana da ɗakinsa na kansa: cikin jakar takardu akwai MuseScore4, cikinta akwai wata mai suna Plugins, can kaɗai manhajar ke leƙawa. Jakar takardun ma sai da muka yi minti goma kafin mu gane ita ce wadda Bajamushiyata ke kira Dokumente. Na kai shi can. Shiru. Na sake bugawa. Ya ce sunan fayil ɗin da me ya ƙare? Na ce zip. Ya ce, "Kawu, buhu ka kai rumbu ba ka kwance bakinshi ba. Kwance shi, abin da ke ciki mai ƙarewa da qml shi ake so." Na kwance. Shiru dai. Ashe bayan an kai shi ɗaki, an kwance shi, sai an rufe manhajar an sake buɗewa, sannan a je jerin fulogin a ba shi izinin aiki. Ko amarya ba a yi mata wannan hidima. Maɓallin izinin an rubuta masa Aktivieren, wannan kam ko ni na gane, don ya yi kama da Faransanci.

Na yi bismilla na danna sunan fulogin. Manhajar gaba ɗaya ta tattara tabarmarta ta fice. Fuskar kwamfuta ta koma hoton wani tabki da duwatsu, wanda na gada daga mai ita na farko. Na buɗe, na danna, ta fice. Na buɗe, na danna, ta fice. Maiɗakina da ke tsince shinkafa ta ce wataƙila ba ta son waƙar.

Laifina ne, kuma a rubuce yake ɓaro-ɓaro a inda na ɗauko shi, ban karanta ba. Fulogin ɗin na tsohon zubi ne, na 3, ni kuma na 4 nake da shi, wanda ya fito a Disamban 2022. Injiniya ya yi mini bayani kamar yana karantar da ɗan aji ɗaya: a ƙarshen tsofaffin fulogin da yawa akwai layin da ke cewa "na gama, a rufe". A tsohon zubi fulogin ne kawai ke rufuwa, a sabon kuwa umarnin har uwar yake kamawa. Wato na kawo baƙo gida, ya ce sai da safe, sai mai gida ya ɗauki takalmi ya fita. Kafin in gama jin wannan masu wuta suka ɗauke kuran, muka kwana a haka, ni da ita kowa da fushinsa.

Kashegari da azahar yaron nan ya bugo da kansa, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kawu, ka yi haƙuri. Na duba. Mai rubuta sunan sauti yana cikin waɗanda suke zuwa tare da manhajar. Izini kawai za ka ba shi." Na yi shiru har ya zaci reso ne ya yanke. Dala ɗari biyu na forfe, katin waya na jikka guda, wando guda, duk a kan abin da ke ɗakina tun ranar farko, a jerin da na buɗe ya fi sau ashirin, yana zaune da sunansa na Jamusanci yana kallona.

Na ba shi izini, na danna. Kwamfuta ta yi tsit. Ni kuma na riga na sha wuya, na ce wannan ma halin ƴan uwansa gare shi. Na sake dannawa. Na sake. Sau biyar. Ashe tsohuwa tunani take yi. Da ta farka sai ta biya ni bashin gaba ɗaya: kowane ɗigo ya samu suna biyar, wani bisa wani, kamar buhunan albasar Galmi a kan tirela. Fulogin ba ya duba ko ya riga ya rubuta, duk kiran da ka yi masa sabon aiki ne. 126 sau biyar, 630, ni malamin lissafi ne ma.

Kuma ba do ba ne, ba re ba ne. Haruffa ne, C, D, E, G. Wannan bai tayar mini da hankali ba sosai, na san ƴan Najeriya da Ingila da haruffa suke kiran sauti, daga A zuwa G. Abin da ya sa na cire tabarau na goge shi ne H. H a cikin kiɗa? Na ƙirga da yatsu, sauti bakwai ne, harafi na bakwai G ne, wannan na takwas daga ina ya fito? Har na fara zargin ko waƙata ta zo da wani sauti da duniya ba ta sani ba, kuma gaskiya zargin ya ɗan yi mini daɗi. Sai daga baya na ji cewa Jamusawa si ɗinmu suke kira H, B kuma a wurinsu shi ne si ɗin da aka ɗan sassauto da rabin taki. Fulogin yaren da manhaja ke yi shi yake bi.

Injiniya ya ce kar in damu, in danna Ctrl da Z sau biyar, komai zai koma. Yatsuna sun san inda Z take sarai in ina rubuta wasiƙa, amma ruɗewa ta sa ido ya ƙwace aikin daga hannun yatsa. Na danna inda aka zana Z, wanda a gaskiya Y ne. Ba abin da ya motsa. Sai wayo ya zo mini: ai na ji an ce Jamusawa musanya Z da Y suke yi. Na danna inda aka zana Y, wanda a gaskiya W ne, Ctrl da W kuwa rufe aiki ke nan. Wani akwati ya fito da tambaya da amsoshi uku. Na zaɓi mai launin shuɗi, don ya fi kama da mutumin kirki. Ta adana mini haruffa 630 ɗin nan daram, ta rufe, hanyar komawa baya kuma ta tafi da ita.

Da hannu na goge su. Bayan isha'i na fara, da shayi kofi uku, danna, goge, danna, goge, har zakaran maƙwabta ya yi cara na fari. Da safe na gaya wa Injiniya ina taƙama. Ya ce, "Ayya Kawu, da ka danna ma guda da hannun dama na ɓera, ka ce a zaɓo duk masu kama da shi, goge guda ya isa." Na ce ya gaida mutanen Yamai, na kashe waya.

Sauran aikin bai ɗauki minti biyar ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Muka lalubo wurin sauya harshe, na mai da manhajar Faransanci, na rufe na buɗe, na danna sau ɗaya tak, na ɗora hannuwana biyu a ka don kar su yi mini shisshigi. Do, Ré, Mi, Sol suka jeru tsaf. A layin ƙarshe kawai na hango sautin nan mafi tsawo, mai bugu huɗu, yana ɗauke da suna biyu, alamar akwai ɗaya da ya tsere mini da dare. Idona na yaji na goge guda, na zuba a kile, ƴar ma'ajiyar USB, na hau babur sai wurin hotokopi. Kwafi 43, dala biyar biyar.

Ranar Alhamis darakta ya zo duba gwaji, ya zauna a kujerata, hannu bisa ciki. Yara sun jeru, kowa da takardarsa, uku sun riƙe ta a kife amma ba laifi. Waƙar kam sun riga sun iya ta, don dare bakwai kwamfuta na rera ta a gidana, ɗana ya kwashe ya kai musu tun ranar Talata. Na ce za mu fara da sunayen sauti kafin baiti, don darakta ya ga aikin ilimi. Na ɗaga rula. Sol, sol, mi, sol, la. Wallahi kamar a talabijin. Darakta na gyaɗa kai, ni ina jin tsayina na ƙaruwa.

Muka iso layin ƙarshe. Yaran nan ni na koya musu abajadar Faransanci da kaina, kuma na koya musu da kyau, sun san yadda ake kiran kowane harafi. Na buɗe hannuwa don dogon sautin, yara arba'in da uku suka cika ƙirji da iska, suka dubi takarda, suka dubi darakta, suka saki murya ɗaya har bugu huɗu:

"Aaaaash!"

Darakta ya sauke hannu daga ciki, ya juyo a hankali ya ce, "Mushe, da ni suke?"