Sharhi kan labarin gano ciwon damuwa da na'urar EEG

Labarin ya ce EEG, mai auna lantarkin ƙwaƙwalwa, za ta gano ciwon damuwa. A bi a hankali, jama'a, har yanzu bincike ne. Inda ta yi suna shi ne farfaɗiya.

Wayoyi 19 zuwa 21 ake mannawa a fatar kai, mutum ya natsu minti 20 zuwa 30. Man kitso ko basilin na hana su kamawa, dole a wanke kai tukuna. Ƙifta ido, cije haƙora, wayar janareta a kusa, duk suna dagula zanen da na'urar ke fitarwa. Diazepam, maganin kwantar da hankali, ma haka.

A asibitocin ƙauyukanmu tambayoyi 9 na PHQ-9, takardar tantance ciwon damuwa, sun fi amfani. Wanda abin ya tsananta a tura shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Kazaure.