Ganyen zogale a kwalba, dagwalon Challawa a rafi

Duk wanda ke leƙa kundayen ɗaliban kimiyyar sinadarai a jami'o'inmu ya san yayin da ake ciki. A tafasa ganyen zogale ko na darbejiya ko furen zoɓo, a tace ruwan, a zuba a gishirin ƙarfen zink da aka narkar, a motsa a kan wuta har ya yi kauri. Sai a busar, a gasa a tanda mai zafin digiri 400 ko 500. Farin garin da zai fito shi ne zink oksayid, wanda ake so a tsabtace gurɓataccen ruwa da shi, ƙwayoyinsa ba su wuce nanomita ɗari ba. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kuma kaurin silin gashi guda ya kai nanomita dubu tamanin.

Hikimar gaskiya ce, ba na musu. Sinadaran da ke sa shayi da zoɓo bauri su ne ke kama ƙarfen su lulluɓe ƙwayoyin don kada su dunƙule, aikin da a da sai da magunguna masu guba da tsada. Ƙanƙantar kuma ita ce ribar: gari kaɗan, fili mai yawa da zai taɓa ruwa. Idan haske ya bugi garin, yakan hanzarta wargaza rinin da ke cikin ruwa ba tare da shi ya ƙare ba. Tushen wannan fanni aikin Fujishima da Honda ne a Japan a 1972, da titaniyam oksayid.

Inda nake da ja shi ne kirarin da ake yi wa aikin, wai ba ya cutar da muhalli tunda da ganye aka yi. Ƙa'idoji goma sha biyu na haɗa sinadarai ba tare da cutar da muhalli ba, waɗanda masana Paul Anastas da John Warner suka tsara a 1998, sun haɗa da rage shara da tattalin makamashi. To tandar nan ta digiri 500 fa, wadda a nan sau da yawa janareta ke tuƙa ta? Gishirin zink ɗin ma daga masana'anta ya fito. Kuma zink oksayid da ya zurare cikin rafi yana cutar da kifi, ko da zogale aka haɗa shi ko da me.

Sai ganyen kansa. Darbejiyar da aka tsinko da damina a Zariya ba ɗaya take da ta bazara a Sakkwato ba, kowace mai miya ta san ganye na sauya ɗanɗano da lokaci. Garin bana ba lallai ya yi kama da na baɗi ba, mai masana'anta kuwa ba ya zuba kuɗinsa a kan wataƙila.

Abin da ya fi ci min rai shi ne gwajin. Kusan kullum rini ɗaya ne, metilin bulu, a ɗiga shi a tsabtataccen ruwa cikin 'yar kwalba, a ajiye a rana, shuɗin ya washe, a ɗauki hoto. Washewar launi ba ta nufin guba ta tafi, domin rinin na iya farfashewa zuwa wasu abubuwa marasa launi. Ga shi zink oksayid hasken ultrabayolet yake so, wato wanda ido ba ya gani, wanda kuma bai wuce kashi biyar cikin ɗari na hasken rana ba.

A je Challawa ko Sharaɗa ko Bompai a Kano a ga ruwan da ke fita daga masana'antun jima: baƙi ƙirin, ga wari, ga gishiri, ga kitse, ga kuromiyam. Haske ba ya ratsa irin wannan dagwalo. Kuromiyam kuma ƙarfe ne, ba ya wargajewa, iyakaci a juya shi daga nau'i mai tsananin guba zuwa wanda bai kai shi guba ba, sannan a san yadda za a kwashe shi.

Saboda haka ina ganin malaman da ke duba kundayen nan su daina karɓar metilin bulu shi kaɗai. A ba ɗalibi jarka ya ɗebo ruwan magudana na gaske, ya gwada garin sau biyar ko goma a ga ko yana nan da ƙarfinsa, ya auna zink nawa ya zurare, ya kuma rubuta litar man da janareta ya sha kafin a sami giram ɗaya.